Mai Agogo da Gaban Babban Babur

A wani layi da na taɓa zama akwai mai gyaran agogo, gajeren mutum mai dogon baki. Sunansa na yanka ya ɓace mini, kuma ba na jin an yi asara, don ko matarsa Mai Agogo take ce masa idan ranta ya ɓaci. Teburinsa na gilashi yana gaban shagon mai aski. A nan yake wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana jiran masu kawo gyara, su kuwa duk sun koma duba lokaci a waya. Sana'ar ta mutu, bakin ne kawai ya rage da rai. In ka zauna kusa da shi minti biyar za ka ji cewa babu injin da ya fi ƙarfinsa a duniya, tun daga keken ɗinki har jirgin sama, rashin lokaci ne kawai ya hana shi taɓa su.

Yayan matarsa bakanike ne, garejinsa na ƙarshen layin. Shi ne ya ji labarin cewa wani babban ɗakin ajiyar magunguna yana neman mutum ɗaya mai babur, wanda zai riƙa kai kaya shaguna. Ya je da kansa ya tsaya wa mijin ƙanwarsa, aka rubuta sunansa. Gwaji ranar Litinin da ƙarfe goma. Manajar wurin tana da nata salon gwajin: za a ɗaura maka bokiti cike da ruwa a bayan babur, ka zagaya filin sau ɗaya, ka zo ka tsaya tayar gaba a kan farin layi gaban teburinta. Sai ta tsoma rula a bokitin. Wanda ruwansa ya fi yawa, aiki nasa ne.

Matar ta ce, "Baban yara, ka ji dai. In aikin nan ya wuce ka, teburin gilashin nan za mu dafa mu ci."

Ya ce, "Ki sa a ranki an gama. Su sauran ma da sun sani da ba su ɓata man babur ɗinsu ba."

Babur ɗin nasa ƙarami ne, irin marasa kuloci ɗin nan, tsoho amma mai haƙuri. Aibinsa ɗaya: birkin gaba ya gaji. In ka matse shi sai ya yi tunani tukuna. Mai Agogo ya saba ƙarasa tsayuwa da ƙafa, shi ya sa duk takalmansa suka cinye ta ƙasa.

Ranar Alhamis ce, ko Juma'a, bakanike ya biyo ta gaban teburin, ya tsuguna ya matsa birkin sau biyu.

"Kawo shi gareji anjima. Fatar birki ce ta ƙare. In sa sabuwa, in ɗaure waya, kafin ka gama shan shayi an gama."

Mai Agogo ya cire gilashin daga ido a hankali, don mai aski da masu jiran aski su samu damar kallo.

"Yaya, da girmanka. Faci kenan. Ku bakanikai matsalarku ba kwa duba tushen abu. Birkin nan ba ciwo ba ne, alama ce. Gaban babur ɗin gaba ɗaya ne bai dace da ni ba."

"Bai dace da kai ba."

"Ya yi mini ƙanƙanta."

Mai aski ya dubi gajeren mutumin, ya dubi babur, ya ci gaba da aski. Wanda ake yi wa askin ne kafaɗunsa suka fara rawa har aka kusa yanke masa kunne.

Bakanike ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "To Injiniya. Ni dai sunana na ajiye a wurin mutanen nan. Kada ka wulaƙanta mini shi."

Abin da bakanike bai sani ba shi ne, Mai Agogo ya riga ya ga abin da ya sace masa zuciya. A filin mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, can bayan tarin tsofaffin firji, akwai gaban wani ƙaton babur da mota ta buge ta baya. Bayan ya tafi, gaban ko ƙwarzane babu. Ƙafafu biyu masu kauri kamar damtsen ɗan dambe, taya mai faɗi, hannuwa kamar ƙahon bijimi, ga wani faifan birki na ƙarfe mai ƙyalli da 'yan huji-huji a jikinsa. Faifan nan shi ya gama da shi. Ya tsuguna gabansa ya fi rabin sa'a yana shafawa.

Mai gwangwan mutum ne mai sanyin murya da ba ya gardama da kowa. Ya ce, "Zai hau kuwa? Naka ƙarami ne fa."

"Kai dai ƙarfe kake aunawa a sikeli. Ni ƙarfe nake sa wa rai."

"Haka ne, Malam. To kawo tsohon gaban naka da agogon bangon nan mai lilo da ke bayan teburinka, ka ɗauka."

Da yamma Mai Agogo ya tura babur har tsakiyar falo, ya rufe ƙofa. Ya shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa, ya jera faranta na shayi guda takwas, don mai agogo ba ya ajiye noti a ƙasa. Matar ta leƙo daga kicin.

"Zanen gadona ne wannan?"

"Aikin tsafta ne. Ba irin na yayanki ba da ake birgima a cikin baƙin mai."

Ya ɗora cikin babur a kan kujerar roba, ya kwance tayar gaba, ya kwance hannuwa, ya sassauta babban notin wuya. Da ya zare gaban, sai ƙananan ƙwallayen boris suka zubo kamar an ɓare buhun wake, suka bazu ƙarƙashin kujeru. A daidai lokacin kujerar roba ta ce ta gaji, ƙafafunta huɗu suka baje, babur ya durƙusa ya sa goshi a kan faranta uku.

Matar ta fito da gudu, ta taka ƙwallo biyu, ta tafi da santsi har sai da ta rungume firji.

"Mai Agogo!"

"Kada ki motsa! Kina kan boris ɗina."

Sauran yammacin a rarrafe ya yi shi, gilashi a ido, hantsaki a hannu, yana tsintar ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya. Washegari da sassafe ya ɗauki tsohon gaban a ka, agogon bango a hammata, ya kai wa mai gwangwan. Yana tsaye aka jefa tsohon gaban a bayan wata motar ƙarafa, motar ta tashi ta fita. Har ya ɗaga mata hannu.

Sabon gaban kuwa sai da ya ɗauko amalanke. Duk layin suka fito kallo. Mai aski ya tsaya bakin ƙofa da almakashi a hannu.

"Injiniya, wannan gaban mene ne? Na jirgin ƙasa?"

"Ranar Litinin za ka sani. Birkin nan da kake gani, in na taɓa shi da ɗan yatsa ɗaya, inuwata ma sai ta wuce ni kafin ta ankara."

"To ina sauran babur ɗin? Ko a baya za ka riƙa bin wannan da gudu?"

Matsala ta farko ta bayyana tun kafin azahar. Sandar wuyan sabon gaban ta fi wuyan babur tsawo da yatsu uku. Duk wanda ya san aiki a nan zai tsaya ya sha ruwa ya yi tunani. Mai Agogo ya ɗauko akwatin matattun agogai, ya ciro murafun bayansu, ya huda kowanne a tsakiya, ya jera su a kan sandar har suka cike gurbin. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya kira matar ta zo ta gani.

Ta ce, "In kira Yaya?"

"In yayanki ya taka ƙofar nan kafin Litinin, na fasa zuwa gwajin."

Matsala ta biyu, noti ɗaya ya ɓata, na maƙalar birkin. Ya duba faranta biyar da suka tsira, babu. Ya duba ƙarƙashin firji, babu. Sai idonsa ya faɗa kan sandar birkin baya, a ƙarshenta ga noti daidai girman wanda yake nema. Ya kwance shi. Sandar ta saki ta rataya, ya ɗaure ta da zare don kada ta ja ƙasa.

Matar ta ce, "Wannan ba birki ba ne?"

"Na baya ne. Mai irin wannan faifan a gaba me zai yi da na baya? Nauyi ne kawai."

Matsala ta uku, ya zo kunna babur ya laluba inda ake sa makulli, babu wurin. Yana jikin tsohon gaban, tsohon gaban kuwa Allah kaɗai ya san garin da ya kai. Ya jefa makullin a faranti. Sannan ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gano yadda zai haɗa su injin ya tashi ba makulli, ya naɗe su tsaf, ya cusa cikin kwanon fitila, ya rufe da ƙananan sukurori shida. A nan dole a yaba masa, haɗin ya yi kyau. Ya buga kik sau ɗaya, injin ya tashi a tsakiyar falo, hayaƙi ya turnuƙe labule.

Matar ta yi ihu cikin tari, "Kashe shi!"

"Miƙo sukundireba!"

Sai da ya kwance sukurori shidan nan, ya buɗe fitila, ya taɓa waya da waya, sannan injin ya mutu. Maƙwabta har sun fara taruwa da bokitai.

Matar ta ce, "Kullum haka za ka riƙa kashe shi? A ƙofar kowane shago?"

"Na wucin gadi ne. In na kama aiki zan sa makunni."

Akwai ta huɗu, wadda shi bai ɗauke ta matsala ba. Sababbin hannuwan sun fi tsofaffin tsawo da faɗi, wayar totur kuwa tsohuwar ce. Da ƙyar ta kai. Ya ja ta ya maƙala, ta miƙe tsam kamar tsirkiya. Ya ɗan kaɗa ta da yatsa ta yi ƙara, ya ce wannan shi ne aiki ba sako-sako.

Ranar Lahadi aka zo fitar da babur daga falo, hannuwa suka ƙi wucewa ta ƙofa. Aka karkata hagu, aka karkata dama. A ƙarshe sai da aka cire ƙyauren. Mai aski ne ya riƙe ƙyauren, kuma bai ɓoye jin daɗinsa ba.

Da babur ya fito fili, kowa ya zuba masa ido. Gaba ya ɗaga sama, baya ya zauna ƙasa, kamar kare yana roƙon nama. Mai Agogo ya ɗaga ƙafa zai hau, ƙafar ta tsaya a rabin hanya. Ya tura babur kusa da dakalin ƙofa, ya hau dakalin, ya haye sirdi. Ƙafafunsa biyu suka yi ta lilo a iska, tsakaninsu da ƙasa ya kai taƙi guda.

Mai aski ya ce, "Injiniya, in kawo tsani?"

"Direban jirgi ƙafarsa tana taɓa ƙasa? Mai birki ba ya buƙatar ƙafa."

"To zagaya mu gani."

Mai Agogo ya dubi layin, ya dubi kwatar da ke gefe. Ya ce taya sabuwar wankewa ce, ba zai ɓata ta kafin manyan mutane su gani ba. Ya sauko ta dakalin.

Litinin da safe ya cika tanki fal, ya sa fararen kaya, ya sa akwatin aikinsa na agogo a aljihu kamar kullum. Wurin ba nisa, titi biyu ne, don haka ya ce tura shi zai yi, injin ya isa da ƙarfinsa. Matar ta sa mayafi ta bi shi a baya. Mai aski ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba ranar aiki, ya bi su da masu jiran aski biyu.

Tun daga ƙofar gida wata 'yar ƙara ta fara. Duk juyin taya sai a ji ƙiii, ƙiii. Faifan ne ke ɗan gogar fatar birki. Kowane bakanike zai ce maka ba komai ba ne, in an yi tafiya zai daina. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana kasa kunne a kan agogo ba ya iya jure ƙarar ƙarfe na gogar abu. A duniyarsa, duk inda abu biyu ke gogayya, mai ake sa wa. Kafin su kai ƙofar wurin haƙoransa sun fara ciwo.

Ya jingine babur jikin katanga, ya ciro 'yar kwalbar man agogo da allurarta. Ya tsuguna, ya sa gilashi a ido, ya bi hujin faifan nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga mai. Ya ga bai wadatar ba, ya tuttule sauran kwalbar a tsumma ya shafe faifan ciki da waje. Ya ɗaga gaban ya juya taya. Shiru, kamar siliki.

Ya ce wa mai aski, "Ka ji? Wannan shi ne bambancin gwani da ɗan koyo."

Filin wurin zagayayye ne, katanga ta kewaye shi, a tsakiya an jera gangunan ƙarfe. Manajar tana zaune bayan teburi a inuwa, mace mai tabarau da ba ta ɓata kalma. Ma'aikata sun fito daga ɗakunan ajiya suna kallo. Mutum biyu ne kafin shi. Na farko saurayi ne mai gaggawa, ya zubar da rabin bokiti tun a kwanar farko. Na biyu wani dattijo ne da ya taɓa aikin kai wasiƙu, babur ɗinsa na ƙara kamar gwangwanaye a buhu. Ya zagaya a hankali, ya tsaya kan layi. Manaja ta tsoma rula, ruwan da ya zuba bai fi kaurin yatsa ba.

Mai Agogo ya yi dariya a fili. "Baba, sannu da ƙoƙari. Da ƙafa ka tafi ai da ka riga kanka dawowa."

Aka kira shi. Manaja ta dubi babur ta saman tabarau.

"Wannan babur ɗaya ne ko biyu?"

"Ranki ya daɗe, ɗaya ne da rabi. Ina ba da shawara a ja teburin nan baya kaɗan, ba don zan buge shi ba, don iskar tsayuwata."

Ba ta ja ba. Maigadi ya ɗaura bokiti, ya cika shi har baki. Mai Agogo ya buga kik daga tsaye, ya nemi aron akwatin katako ya taka ya hau, ya sa giya, ya tashi. A daidai lokacin bakanike ya shigo ta ƙofa yana goge hannu da tsumma. Ya ga babur. Ya ga sandar birkin baya na rataye da zare. Ya ga faifan gaba yana walƙiya, yana feso ɗigo-ɗigo a kan murfin taya.

Ya ce wa ƙanwarsa, "Me ya sa wa faifan can?"

"Man agogo. Wai yana ƙara."

Bakanike ya ɗora hannu biyu a ka.

Mai Agogo ya isa kwanar farko, ya karya kan babur hagu. Wayar totur da ke miƙe tsam ta ƙara miƙewa, injin ya yi gurnani, babur ya zabura. Ya saki totur ɗin gaba ɗaya, gudu bai ragu ba. Ya miƙar da kan, gudun ya sauka, amma sai ga katanga ta taso masa. Ya sake karyawa, babur ya sake zabura. Nan ya gane halin da yake ciki: in ya miƙe katanga ce, in ya karya wuta ce. Ya zaɓi wuta.

Ya zagayo, ga farin layi, ga teburin manaja. Ya miƙa ɗan yatsa ɗaya kamar yadda ya yi alkawari, ya taɓa birki. Ba abin da ya faru. Ya sa yatsu biyu. Ya sa huɗu, ya matse har hannun birkin ya taɓa roba. Faifan ya ci gaba da sulɓewa tsakanin fatun, shiru, kamar siliki. Ya wuce layin, takardun manaja suka ɗaga suka koma.

Ya waiwayo ya yi ihu, "Wannan na ɗumama taya ne!"

Zagaye na biyu ya taka birkin baya, abin takawar ya tafi ƙasa ba ko gardama. Ya sauke ƙafafu don ya yi abin da ya saba, ƙafafun suka yi ta tuƙa iska.

Manaja ta ce da ya zo wucewa, "Malam, sau ɗaya aka ce."

"Ina sane, ranki ya daɗe!"

Zagaye na uku bakanike ya shiga fili. "Kashe makulli!"

"Yana gida!"

"To da me ka tayar?"

Amsar ta tafi da shi, sai a zagaye na huɗu ta dawo. "Yana cikin fitila! Sukurori shida!"

"Fitar da giya!"

Mai Agogo ya daki abin giya da dunduniya, babur ya shiga ta uku. Ma'aikatan da ke bakin fili suka haye kan kwalaye. Saurayin da ya zubar da rabin bokiti ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Mai aski ya haɗa hannu a baki. "Injiniya! Ka ce za ka sa wa ƙarfe rai, ga shi ka mai da shi agogo! Saura mu ji ya buga sha biyu!"

"Za ka gane kurenka in na sauko!"

"In ka sauko!"

Wani abin mamaki, wanda duk da ruɗewar ƙwaƙwalwata ban manta ba, shi ne bokitin. Da yake gudun iri ɗaya ne kuma karkatar iri ɗaya, ruwan ya kwanta abinsa, ko ɗigo bai fita ba. Mai Agogo ya waiwaya ya gani, sai ƙarfin bakinsa ya dawo.

"Ranki ya daɗe, a duba ruwa! A rubuta!"

"In ka tsaya zan duba."

Matar ta matso bakin layi, mayafi a ɗamare. Zagaye na bakwai ne ko na takwas.

"Mai Agogo! Man da ka zuba a tanki zai kai yaushe?"

"La'asar!"

Ta juya wajen yayanta. "Yaya, don Allah. Ba don shi ba, don yaran."

Bakanike ya karɓi lemar maigadi mai lanƙwasasshen mariƙi, ya je ya tsaya jikin ganguna, ta cikin da'irar. Ya yi ihu, "Matso kusa da ni, ka ɗage ƙafa!"

"Kada ka taɓa mini faifai!"

Karo na farko lemar ta kamo takalmi, takalmin ya tashi ya sauka kan rufin kwano. Karo na biyu ta kamo iska. Karo na uku mariƙin ya shiga bayan wayar fulogi, bakanike ya fizga. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Fili ya yi tsit. Babur ya ci gaba da gangarawa, giya na riƙe shi, yana rage gudu, yana rage gudu. Ya karyo kwanar ƙarshe kamar mai jin barci. Ya doso teburin. Kuma, Allah da ikonsa, tayar gaba ta zo ta hau kan farin layin nan ta tsaya cak.

Mai Agogo ya ɗaga hannu sama. "Layi! Kowa shaida ne! Layi!"

Na ɗan lokaci babur ya tsaya a miƙe shi kaɗai, kamar yana shawara. Ƙafa mai takalmi ta laluba dama, ƙafa marar takalmi ta laluba hagu. Sannan a hankali, ba gaggawa, ya kwanta ta ɓangaren teburi. Bokitin ya juye gaba ɗaya. Ruwan ya bi ƙarƙashin teburin, manaja ta ɗaga ƙafafunta ya wuce, ragowar ya tsaya a fararen kayan Mai Agogo.

Ba wanda ya yi dariya nan take, sai da aka ga ya zaro ƙafarsa daga ƙarƙashin babur ya miƙe lafiya. Daga nan kuwa har maigadi sai da ya jingina da ƙofa.

Manaja ta tashi, ta zagayo, ta tayar da bokitin, ta tsoma rula har ƙasa, ta ciro ta duba da kyau, ta rubuta. Sannan ta kira dattijon nan ta ce gobe ƙarfe takwas.

Mai Agogo ya biyo ta yana ɗingishi, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Ranki ya daɗe, a yi adalci. Zagaye goma sha ɗaya ko ɗigo bai zuba ba. Shi wannan ɗaya kawai ya yi."

"Tafiya kam ka iya, Malam. Amma masu shagunan nan sun fi so a tsaya a ba su maganin."

Bakanike ya mayar wa maigadi lemarsa, ya je gaban manaja ya ba ta haƙuri da murya ƙasa-ƙasa, bai ko dubi mijin ƙanwarsa ba. Matar ta kwance ɗamara ta rufe fuska da mayafi ta nufi ƙofa. Mai Agogo ya dube su, ya dubi babur da ke kwance, ya sa gilashi a ido ya ƙare masa kallo tun daga gaba har baya. Fuskarsa ta washe.

"Na gano! Ranki ya daɗe, na gano matsalar. Gaban ba shi da laifi. Bayan ne ya yi masa ƙanƙanta. A ba ni zuwa Litinin mai zuwa in canza bayan, in dawo."

Manaja ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta kira maigadi.

"Ka ga mutumin nan da babur ɗinsa?"

"Na gani, ranki ya daɗe."

"Duk ranar da ka hango shi ya doso nan, kada ka ce za ka rufe ƙofa, ɓalla ta zai yi. Ka buɗe ta gaba, ka ruga ka buɗe ta baya, ya wuce."